A Auna Mana Rijiyoyinmu!

Jama'ar Boɗinga da Shagari, daga Sifawa har Kajiji da Dandin Mahe, ku saurara! Ruwan rijiya kan fito garau, ba wari ba gafi, amma yana iya ɗaukar abin da ke cin ƙoda sannu a hankali. Ba maƙiyi ne ya zuba shi ba, daga cikin ƙasa yake fitowa.

Ƙasar Sakkwato tana da dutsen fosfat, kamar na Dange da Shuni da ke nan maƙwabtanmu, kuma fosfat kan zo tare da yuraniyom. Yuraniyom yakan rikiɗe a cikin dutse ya haifi radiyom, radiyom ya haifi iskar radon, ruwan da ke ratsa dutsen ya kwaso su ya kawo cikin guga. Yuraniyom ƙoda yake taɓawa. Radiyom a ƙashi yake laɓewa. Radon kuwa, in ya taru a ɗaki ana shaƙa, daga taba sigari sai shi wajen jawo cutar dajin huhu. Tafasa ruwa na korar radon, amma yuraniyom yana nan daram cikin tukunya.

Kada wani ya ji wannan ya bar rijiya ya koma tafki. Amai da gudawa sun fi saurin kisa nesa ba kusa ba. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya ma kan sha bamban, awo ne kaɗai ke raba gardama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja layi kan tururin da irin waɗannan sinadarai ke fitarwa, wanda ake aunawa da bekarel: kowace lita, bekarel 0.5 na tururin alfa, bekarel 1 na beta. In an haura haka, sai a zurfafa bincike. Na'urar awon tana Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, masana kuma ga su a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Jinkirin awo na da haɗari: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Sai da aka yi ta binne yara kafin aka auna ƙasar.

Iyayenmu hakimai, Allah ya ja zamaninku, ku kira shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu da hukumar ruwan karkara ta jiha, a ɗebi ruwan kowace rijiyar gari, rani da damina. A rubuta sakamakon a jikin rijiyar, da Hausa, da kwanan wata. Malamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a. Matasa, ku ƙidaya rijiyoyin unguwarku ku kai wa kansila. Duk ɗan siyasar da ya zo buɗe famfon burtsatse, ku tambaye shi takardar awon ruwan kafin ku tafa masa!