Kada A Hana Gem, A Koya Mana Gyara



A makon jiya ɗaya daga cikin 'yan kwamfutocin da muke gwajin JAMB da su ta kwanta. Wani ɗan'uwanmu ne ya sa wasan ƙwallo na FIFA, ya ga hoton yana tsinkewa, 'yan wasa suna tsalle kamar fara. Sai ya sauko da wani "direba" daga wani shafin da bai sani ba, ya ɗora. Da aka sake kunna ta, fuskar ta yi baƙi ƙirin. Yanzu ana maganar a hana gem gaba ɗaya a ɗakin kwamfuta.

Mu a wannan ƙungiya muna ganin rashin sani ne ya kwantar da kwamfutar, kuma doka ba ta maganin rashin sani.

Mene ne direba? Wata 'yar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da sashen da ke zana hoto a fuskar kwamfuta. Kamfanoni uku ne suka fi yin wannan sashe: Intel, AMD da NVIDIA. Kowane samfuri da irin direbansa. In ka ba shi na wani, tamkar ka kawo tafintan Zabarmanci ne wurin mai jin Fulatanci kaɗai. Wurin samun na gaskiya shi ne shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, kamar HP, Dell ko Lenovo, ko kuma ta sabuntawar Windows. In sabon direba ya kawo matsala, a cikin Device Manager akwai hanyar komawa ga tsohon. Da ɗan'uwanmu ya san wannan, da ba a kai ga haka ba.

Sannan sau da yawa ma ba direba ne mai laifi ba. A nan Wurogauri, zafin watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar ciki. In kwamfuta ta ɗauki zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Haka nan in an ɗauke wuta ta koma kan batir, takan rage ƙarfi don cajin ya daɗe. Wanda ya ɗora laftof a kan katifa ya toshe mata numfashi, sannan ya ce ta tsufa. Wasu kuma tsofaffin laftof ne na gwanjo masu ƙaramin sashen hoto na Intel, waɗanda ba a yi su don manyan gem ba. Babu direban da zai mayar da jaki doki.

Mun fahimci damuwar malamanmu. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan, kuma na'urorinmu ba su da yawa. Kowace ta lalace, ɗalibai da dama ne za su rasa gwaji. Amma yaron da ya taɓa zama yana neman dalilin da ya sa gem ke maƙalewa, hannunsa ba zai yi rawa a kan linzami ranar jarrabawa ba. Sha'awar wasa ce ta jawo shi, ilimi ya biyo baya. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi nan kusa da mu a Kalgo. Wa ya san ko cikin masu buga FIFA yau akwai wanda zai karanta ilimin kwamfuta a can gobe?

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta abubuwa uku. A ware kwamfuta ɗaya da awa ɗaya a mako don gem, ƙarƙashin kulawar malamin kwamfuta. A sa wa sauran kalmar sirri, ta yadda ba mai ɗora komai sai da izini. A kuma koya mana share ƙura da sabunta direba ta hanyar da ta dace.

Mu kuma ɗalibai, mu ji tsoron Allah a kan kayan jama'a. In ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka danna. 'Yan aji shida na jiran waccan kwamfutar ta tashi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta