Ƙarfen bayan tirela: a auna shi, a tilasta shi

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna da Kano, ko ta Kano zuwa Maiduguri, ya san wani nau'in haɗari da ganin ɓaraguzan motar kaɗai ya isa ya ba da labarinsa: ƙaramar mota ta kutsa ƙarƙashin bayan tirela, rufinta ya yaye tun daga gilashin gaba har kujerun baya. A irin wannan haɗari ba kasafai ake fitar da direba da na gefensa da rai ba. Jama'a kan taru a yi salati, a ce gudu ne ko gyangyaɗi, sannan a watse. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne dalilin da ya sa motar ta samu ƙofar shiga ƙarƙashin tirelar tun farko. A ganin wannan jarida, lokaci ya yi da hukumomi za su amsa wannan tambaya.

Bayanin ba mai wuyar fahimta ba ne. An ƙera motocin zamani ta yadda gabansu, wato bamba da ƙarafan da ke riƙe da injin, zai lotse ya shanye ƙarfin karo kafin ya kai ga fasinja, kuma wannan bugun ne ke sa jakar iska ta buɗe, bel ɗin kujera ya riƙe mutum. To amma gadon tirela ya fi mita ɗaya tsawo daga ƙasa, ya ɗara hancin ƙaramar mota. Idan babu abin da zai tare ta, gaban motar sai ya wuce ta ƙasa, abin da zai fara cin karo da ƙarfen tirelar shi ne gilashin gaba da kawunan waɗanda ke ciki. Duk kariyar da mai motar ya saya da kuɗinsa ta tashi a banza. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne wani ƙarfe mai ƙwari da ake gicciyewa a bayan babbar mota, kusa da ƙasa, a ɗaure shi da jikin shasi, domin ƙaramar mota ta bugi abin da gabanta zai iya ɗauka.

Wannan dabara ta daɗe. Amurka ta fara tilasta wani nau'inta tun 1953, amma ba ta bayyana ƙarfin da ya wajaba ƙarfen ya kasance da shi ba. A watan Yunin 1967 fitacciyar 'yar fim Jayne Mansfield ta rasu tare da mutum biyu da ke kujerar gaba, lokacin da motarsu ta shiga ƙarƙashin wata tirela da dare a jihar Luwiziyana, yayin da 'ya'yanta uku da ke baya suka tsira. Har gobe Amurkawa na kiran ƙarfen da sunanta. Duk da haka sai a 1998 ne ƙa'ida mai ma'auni ta fara aiki a can, wadda ta ce kada tazarar ƙarfen daga ƙasa ta wuce santimita 56, kuma sai an gwada ƙarfinsa. Kanada ta zo da ƙa'idar da ta fi wannan tsauri a 2007.

Shin ƙarfen yana aiki? Amsar tana cikin gwaje-gwajen da cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, wadda aka fi sani da IIHS, ta gudanar. A 2011 ta riƙa buga mota ƙirar Chevrolet Malibu a bayan tireloli da ke tsaye, a gudun kilomita 56 cikin sa'a. Wani ƙarfe da ya cika ƙa'idar Amurka ta lokacin ya lanƙwashe, kusoshinsa suka tsinke, motar ta shige ciki. Wani kuwa da aka ƙera bisa ƙa'idar Kanada ya tare motar, ɗakin fasinja bai taɓu ba. A 2013 cibiyar ta gwada tirelolin manyan kamfanoni 8. Dukkansu sun tare motar da ta bugi tsakiya, 7 sun tare wadda ta bugi ƙarfen da rabin gabanta, amma ɗaya tak ya tare wadda ta bugi gefe da kashi 30 cikin 100 na faɗinta, wanda shi ne irin karon da kan faru idan direba ya yi ƙoƙarin kaucewa a makare. Zuwa 2018 duk kamfanonin 8 sun ci wannan gwaji, kuma a 2022 gwamnatin Amurka ta ɗaga ƙa'idarta zuwa matsayin ta Kanada.

Darasin a fili yake. Ƙarfen da aka ƙera bisa ma'auni yana ceton rai, wanda aka liƙa don ganin ido kuwa da shi da babu duk ɗaya. Wannan ne ya sa ƙa'ida ta 58 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙirar motoci, wadda ƙasashen Turai ke bi, ta ƙara tsauri a kwaskwarimar da ta hau kan dukkan sababbin manyan motoci daga 2021: tazarar ƙarfen daga ƙasa ta sauko zuwa santimita 45 ko 50 gwargwadon ƙirar motar, kuma dole ya jure matsin da ya kai kimanin tan 18 a inda aka ɗaure shi, da tan 10 a tsakiya da gefuna. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar 1958, wadda wannan ƙa'ida take ƙarƙashinta, tun 2018. Ke nan ba sai mun ƙirƙiro sabon ma'auni ba, ga shi nan a rubuce.

Abin takaici shi ne abin da ido ke gani a titunanmu. Tireloli da yawa da aka shigo da su daga Turai da ƙarfensu suke zuwa, amma da zarar ya lanƙwashe a rami ko wurin lodi sai a yanke shi a jefar. Motocin da ake yi wa bodi a gida, da tifofin yashi, da manyan motocin shanu da na hatsi, da dama babu komai a bayansu, wasu kuma siririn ƙarfe ne aka ɗana da walda, wanda ko babur zai iya karyawa. Ga masu ɗauko rodi da katako da suka zarce bayan mota, an ɗaura musu jan tsumma a matsayin gargaɗi. Maƙeranmu ba su rasa basira ba. Abin da suka rasa shi ne zane da ma'aunin da hukuma ta ba su, da kuma mai dubawa.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar wannan ƙarfe, don kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. An gwada shi ne a kan bambancin gudu na kimanin kilomita 56. Motar da ke gudun 90 ta cim ma tirelar da ke jan 40 a kan tudu tana cikin wannan iyaka. Amma wadda ta afka wa tirelar da ke tsaye tana gudun 100, ƙarfin karonta ya ninka na gwajin fiye da sau uku. Saboda haka ƙarfen yana buƙatar abokan aiki: fitilun baya masu lafiya, da sitika mai ƙyalli, da kuma raba manyan motoci da kwana a kan kwalta kamar yadda aka daɗe ana kuka a Tafa da Mararrabar Jos. Wani bincike da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fitar a 2001 ya nuna cewa sitika mai ƙyalli ta rage afka wa tireloli ta baya da ta gefe cikin duhu da kashi 29 cikin 100.

Mun san masu manyan motoci za su ce wanda ya bugo ta baya shi ne mai laifi, kuma tsadar man dizal da kayan gyara ta riga ta yi musu katutu. Sau da yawa gaskiya ne laifin na ƙaramar motar ne. Amma hukuncin kuskuren direba bai kamata ya zama kisa ba, balle ga fasinjojin da ba su riƙe sitiyari ba. Batun kuɗi kuma, 'yan sandunan ƙarfe da ladan mai walda ba su kai a kwatanta su da abin da tirela guda ke kashewa wajen sayen tayoyi ba. Masu cewa kwana ne ya ƙare su tuna cewa addini ya umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, da ta fitar da zane mai sauƙi bisa ƙa'ida ta 58, a fassara shi da Hausa da sauran harsuna, a kai shi ga masu ƙera bodi. Jami'an VIO na jihohi su daina sa hannu a takardar lafiyar babbar mota sai sun auna ƙarfen sun duba ɗaurinsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sanya shi cikin abubuwan da take dubawa a wuraren lodi, ta kuma riƙa ware adadin waɗanda suka mutu ta wannan hanya a rahotanninta, domin a san girman matsalar. Manyan kamfanonin siminti da na mai da na fulawa, masu ɗaruruwan motoci, su fara da nasu ba tare da jiran doka ba, ƙungiyoyin NARTO da NURTW kuma su wayar da kan 'ya'yansu. A ba da wa'adi mai ma'ana kafin a fara kame, kada abin ya zama wata sabuwar kafar karɓar na goro a bakin hanya.

Gyaran hanyoyinmu zai ci shekaru da biliyoyin nairori. Wannan gyara kuwa aikin yini guda ne a garejin walda. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya kuma ba masu iko ikon sauke nauyin da ke kansu.