Mu Zauna Mu Tattauna: Na Goro

A wannan wata zance ya kai mu Maigatari, garin bakin iyaka a ƙasar Gumel, inda kasuwa ke ci kowace Alhamis. Shanu da raƙuma da tumaki su shigo daga Nijar, hatsi da sauran kaya su fita. Ciniki ne mai albarka. Amma akwai wani cinikin da ya girma a inuwarsa, wato fasa-ƙwauri.

Shekara da shekaru gwamnatin Nijeriya tana biyan tallafin man fetur, saboda haka mai ya fi araha a gefenmu. Yaro ya ɗaura jarkoki a babur, ya ratsa gonaki da dare, kafin asuba ya dawo da kuɗin da ubansa ba ya samu a mako guda. Da fari a ɓoye ake yi, da kunya. Sannu a hankali sai muka sake wa abin suna, ya zama "buga-buga". Abin da ake miƙa wa mai kaki a shingen hanya kuwa ba a kiransa cin hanci, "na goro" ne. To, wa ya taɓa jin kunyar ba da goro?

A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe huɗu, har da ta Maigatari. Duk tsawon wannan lokaci shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada kawai ta yi.

Me ya ba abin nan irin wannan ƙarfi? Yawan bakin da ke ci a cikinsa. Mai gyaran babur yana ci, haka mai sayar da jarka, da mai tuwo a tasha. Duk wanda ya ce a bari, sai a ce maƙiyin talaka ne, yana so ya toshe wa mutane hanyar abinci. Ba mu raina talauci ba. Mun san daminar wannan yanki gajera ce, ƙasar kuma rairayi.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uwa ta karɓi kuɗin cefane daga hannun ɗanta, ba ta tambaye shi inda ya kwana ba. Ranar bikin godiya wani ya kawo baiko mai kauri, duk mun san tushensa, muka tafa masa, har muka ba shi kujerar gaba. 'Yan kasuwan da annabi Amos ya tsauta wa saboda rage mudu, su ma suna kiyaye Asabar, sai dai suna ɗokin ta wuce.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, ribar jarka ta ragu ƙwarai. Samarin da suka bar makaranta da gona dominta suka koma gindin itace da baburansu, ba takarda, ba sana'a, suna jiran a nuna musu wani kayan da za a tsallaka da shi. Waɗansunsu a ajinmu na makarantar Lahadi suka girma.