Man kifi ba ya warkar da PCOS

1/ Ƴan mata, masu tallan Omega-3 a WhatsApp sun ishe ni wallahi.

2/ Ƙawata a Tsafe, al'adarta ta ɗauke wata huɗu, gashi ya fito mata a haɓa. Aka sayar mata da kwalba uku, wai zai "wanke mahaifa". Haba! PCOS rikicewar sinadaran jiki ce, ba datti ba.

3/ Omega-3 yana rage kitsen jini, na yarda. Amma ai yana cikin kifin Titus na kasuwa.

4/ Shekara guda ta salwanta, dangin miji na ta gorin haihuwa. Kuɗin nan da sun isa sikanin da gwajin suga a FMC Gusau.

5/ Mai tallan kuwa jiya na ga tana neman wakilai a Bungudu.