A Tsare Jirgi Da Igiya, A Ajiye Kulki

Jama'a, a zaɓen tarayya na 1959 ne Cif Obafemi Awolowo na jam'iyyar Action Group ya zagaya Arewa neman ƙuri'a da jirgi mai saukar ungulu, a lokacin ne mutanen garuruwanmu da yawa suka fara ganinsa. Tun daga nan labarin bai sake ba. Jirgi ya sauka a filin makaranta ko bayan kasuwa, babban baƙo ya shige gari, yara da manya su rugo kallo, masu tsaro su tarye su da kulki. Muna da magana a kan wannan, da talakawa da masu jirgin duka.

Mu fara da gaskiyar da ke wajensu. Jirgin nan yana bukatar tsaro ƙwarai in yana ƙasa. Fikafikansa na sama dogaye ne, suna lanƙwasa, in iska ta kama su sai su riƙa sama da ƙasa har ɗaya ya sari jelar jirgin. Don haka ne ake sa wa bakin kowane fiffike hula a ɗaure da igiya a jikin jirgi, ba a ja da ƙarfi don kada ya tanƙware. In mai ƙafar taya ne a sa masa waigi kamar yadda yaran mota ke yi wa babbar mota. In hadari ya taso a ɗaure gangar jikinsa a turaku, ko a kai shi ɗaki. A watan Mayu na 1989 guguwa ta afka wa barikin soja na Fort Hood a jihar Texas ta Amurka, ta lalata jiragen nan fiye da ɗari suna ajiye a ƙasa. Wanda ya san iskar farkon damina da ke kwashe rumfunan kasuwa ya san ba mu fi ƙarfin irin wannan ba.

Akwai kuma ƙananan abokan gaba. Ƙurar hunturu da tsuntsu mai neman wurin sheƙa suna shiga bakin inji, saboda haka ake toshe shi. A gaban jirgi akwai wani ɗan bututu mai gaya wa direba saurin tafiyarsa, shi ma sai an rufe. Ran 6 ga Fabrairu 1996 wani babban jirgin fasinja na kamfanin Birgenair ya faɗa teku bayan ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka halaka. Masu bincike suka ce bututun nan ne ya toshe, suka fi zaton zanzaro ne ya yi gini a ciki, don jirgin ya yi kwanaki a ajiye ba a rufe shi ba. Zanzaro fa, jama'a, wanda ke gini a bangon ɗakin kowannenmu! Kowane murfi kuwa da jan ƙyalle a jikinsa, don kada a manta a tashi da shi.

To, abin da zanzaro zai ɓata shi, ina ga hannun yara ɗari? Ga mai a cikinsa, guntun taba ɗaya ya isa. Ga ƙaramar farfelar jela, in tana juyawa ido ba ya ganinta. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu: ku yi kallo daga nesa, ku riƙe yaranku, kada kowa ya bi ta bayansa.

Amma wa ya gaya wa talaka duk wannan? Ba wanda ya gaya masa. An sauke abin mamaki a ƙofar gidansa, iskarsa ta watsa wa mai gari garinta, ta kwashe wa mai tabarma hajarsa, sa'an nan a doke shi don ya zo kallo. Filin da ba a shirya ba su ma manyan bai bar su ba. Ran 2 ga Fabrairu 2019 jirgin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka a Kabba, ƙurar da ya tayar ce ta rufe wa direba ido. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Ga abin da muke nema. Na ɗaya, a zaɓi fili nesa da kasuwa, a share shi, a yayyafa ruwa. Na biyu, sankira ya zagaya tun ana gobe ya faɗi inda za a tsaya da dalili. Na uku, a kewaye jirgi da igiya a sa masu gadi dare da rana, masu lallashi da baki. Na huɗu, wanda iskar jirgi ta ɓata wa kaya a biya shi. In jirgin na gwamnati ne, da harajinmu aka saye shi, wanda ya bar shi a sake har ya lalace sai a tambaye shi.

Tun ran gini ran zane. Igiya ba ta da tsada, sankira ma yana nan a kowane gari. Allah ya sa masu iko su ji, amin.