A Mai Da Kurmawa Gidan Tarihi, Amma A Faɗi Gaskiya

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan sanarwar da gwamnatin Jihar Kano ta yi a 2025, cewa za ta mai da kurkukun Kurmawa gidan tarihi, a kwashe fursunoni zuwa Janguza.

Ni dai na yi murna, domin waiwaye adon tafiya ne. Gidan nan tun 1910 yake tsaye kusa da gidan Sarki, ya ga zamanin Turawa, ya ga na En'e. Amma tambayata ita ce, tarihin wa za a nuna mana?

In dai mari da sarƙa da kulkin gandiroba za a jera mu yi kallo mu watse, to an yi aikin banza. Iyayenmu sun ba mu labarin talakawan da aka ɗaure kan haraji, da 'yan NEPU da aka ɗaure kan siyasa. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai sau 16 aka ɗaure ta a rayuwarta. A rubuta irin wannan da Hausa, da boko da ajami, yadda ɗan ƙauye zai karanta.

Ku dubi Afirka ta Kudu. Tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18, an mai da shi gidan tarihi a 1997, kuma tsofaffin fursunonin wurin ne ke zagayawa da baƙi. Mu ma a nemo dattawan da suka kwana a Kurmawa a ɗauki muryarsu tun suna raye.

Sai abin da ya fi damuna. Kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, alƙali bai ce sun yi laifi ba. Yawancinsu 'ya'yanmu ne, marasa kuɗin lauya. A 2019 an sauya suna, an ce gidan gyaran hali. To, sauya suna da sauya gini ba su ne za su fito da wanda aka manta da shi ba.

Saboda haka ina kira ga hukuma, kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa, a fara duba takardun masu jiran shari'a. Ranar da aka yi haka, ni da yarana za mu biya kuɗin shiga da farin ciki.

Allah Ya sa mu gama lafiya, amin.

Naka,
Wani manomi, daga Jihar Kano.