Gani Bai Kori Ji Ba: Yadda Ake Haɗa Sautin Fim

Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma a harkar fim sai dai a yi wa wannan karin magana kwaskwarima, domin mai kallo yakan jure hoto mai dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin abin da 'yan wasa ke faɗa sai ya tashi ya kama gabansa. Saboda haka a wannan wata muka ga ya kyautu mu leƙa ɗakin da ake haɗa sautin fim, mu ga yadda ake aikin da kuma inda ya shafe mu, mu da 'ya'yanmu.

A shekarar 1927 aka nuna The Jazz Singer a Amurka, dogon fim na farko da aka ji ɗan wasa ya buɗe baki ya yi magana, kuma a zamanin duk sautin daga bayan allon kallo yake fitowa. A 1940 kamfanin Disney ya gwada rarraba lasifikoki cikin ɗakin silima da fim ɗin Fantasia, sai dai tsadar kayan ta hana abin yaɗuwa. Star Wars na 1977 shi ya yayata tsarin kamfanin Dolby mai hanyoyin sauti huɗu, sannan a 1992 fim ɗin Batman Returns ya zo da Dolby Digital mai hanyoyi shida, wanda ake kira 5.1. Daga 2012 kuwa, da fim ɗin Brave, aka shigo da Dolby Atmos, inda har a rufin ɗaki akwai lasifikoki.

Me ake nufi da 5.1? Lasifikoki uku ne a gaba, hagu da tsakiya da dama, waɗanda a silima ake ɓoye su bayan allo mai ƙananan huji. Hanyoyi biyu suna gefe da bayan masu kallo. Ɗigo ɗayan kuwa babbar lasifika ce mai ba da rugugi irin na tsawa ko fashewar bam, wanda mutum ke ji har cikin ƙirjinsa. Wannan shi ne sautin kewaye.

A da da manyan injinan kaset ake haɗa shi. Yanzu aikin ya koma cikin kwamfuta, da manhajoji irin su Pro Tools wadda ta fito a 1991, da Nuendo, da Fairlight da ke cikin DaVinci Resolve. Kwamfutar takan auna sauti sau 48,000 a kowace daƙiƙa ta mayar da shi lambobi. Kowane sauti da nasa layin a fuskar kwamfuta, kamar yadda kowane ɗalibi ke da layinsa a rajistar aji, kuma babban fim yakan kai ɗaruruwan layuka. Mai haɗin yakan kasa su gida uku: magana, kiɗa, da sauran ƙararraki irin su takun sawu, buɗe ƙofa da ruwan sama. Da yawan waɗannan ƙararraki a situdiyo ake ƙirƙirar su bayan an gama ɗaukar hoto, sana'ar da ake kira da sunan Jack Foley, wani ma'aikacin kamfanin Universal.

Daga nan sai rabon wuri. A manhajar akwai ɗan zane mai kusurwa huɗu, wato hoton ɗakin kallo, da ɗigo a cikinsa. Inda mai haɗin ya ja ɗigon, nan sautin zai koma. Alal misali, babur ya taho daga bayan hagu ya wuce ta gaban dama, sai ya ja ɗigon a kan wannan hanya, kwamfuta ta haddace, ta riƙa maimaitawa daidai da hoton. Lasifikokin baya an fi ba su hayaniyar kasuwa, kukan gyare da iska, kuma a hankali, don idan aka cika musu kaya sai mai kallo ya riƙa waiwaye ya bar allo.

Babbar ƙa'idar sana'ar ita ce magana a lasifikar tsakiya take zama. Dalili kuwa, ko mutum a ƙarshen benci yake, zai ji muryar daga bakin mai magana take fitowa, kuma kiɗa yana da nasa wurin a hagu da dama, ba ya hawa kanta. Ashe ke nan duk wannan tarin lasifikoki, da farko muryar ɗan Adam suke yi wa hidima.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu nawa ne muke kallo a ɗaki mai lasifika shida? Galibinmu da wayar hannu ko ƙaramin talabijin muke kallo. A nan dole a matse hanyoyi shida su koma biyu, wani lokaci ma ɗaya. A bisa tsarin da aka saba, sautin tsakiya akan rage shi da desibel 3 a raba wa hagu da dama, na baya a zuba shi a kai, rugugin kuwa galibi a yar da shi. Idan tun farko ba a ba magana haƙƙinta ba, a wannan cunkoso kiɗa yakan danne ta. Shi ya sa gwanin haɗi ba ya sallamar aiki sai ya saurare shi ta ƙaramar lasifika.

Wannan batu ya shafe mu ƙwarai. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, finafinan Hausa suka riƙa shigowa unguwanninmu, daga kaset zuwa faifai, yau kuma ga su a YouTube. Yaron Kano ko Zinder yana jin Hausa a kasuwa da masallaci da filin ƙwallo. Namu yaron kuwa, da ya fita ƙofar gida sai harshen maƙwabta, a makaranta sai na boko. Mu da ke tsayawa gaban allo kullum muna ganin yadda Hausar yara ke ƙanƙancewa, ta zama ta gaisuwa da aike kawai. Ga da yawansu, fim ne wurin da suke jin karin magana da habaici da zaurance. Idan fiyano ya yi ta kuka daga farko har ƙarshe a kan muryar dattijo, ko ƙarar janareta ta shanye rabin jimla, babba zai iya cike gurbin da kansa, amma yaro ba shi da abin cikewa, sai ya koma karanta fassarar da ke ƙasan hoto.

Don haka muna kira ga samarinmu da suka fara ɗaukar wasanni da waƙoƙi, kada su yi gaggawar neman 5.1 alhali hanya ɗaya ma ba ta fita fes ba. A kusantar da makirufo ga mai magana. A kai janareta nesa. A guji ɗakin da babu labule ko tabarma, saboda amsa-kuwwa. A ɗauki shirun wurin na kamar minti ɗaya, don cike giɓi wajen tacewa. A sassauta kiɗa duk lokacin da mutum ya buɗe baki. Bugu da ƙari, a adana magana daban, kiɗa da ƙararraki daban, domin da haka ne manyan kamfanoni ke cire harshe su ɗora wani, kuma da haka mu ma za mu iya juya wasanninmu zuwa harsunan maƙwabtanmu.

Iyaye kuma, idan an zauna kallo, a riƙa tsayar da fim a tambayi yaro abin da aka ce da ma'anarsa.